Kumfa a Fadamar Albasa

Har yau ban manta da safiyar da masinjan kotu ya shigo ɗakin gwajinmu riƙe da jarka biyu ba. Lokacin ba a daɗe da dawo da Shari'a a Kano ba, mutanen karkara sun ɗauko tsofaffin rigingimunsu suna kai wa alƙalai. Ni kuwa mataimakin jami'in gwaji ne a ofishin kula da ruwa da ke lura da yankin Gwarzo da Kabo. Shugabarmu Hajiya Rabi ce, masaniyar sinadarai, mace mai ƙarancin magana.

Ƙarar ta fito ne daga wani ƙauye a wajen Gude. Malam Sani, manomin rani, ya ce maƙwabcinsa Alhaji Ɗanliti ya buɗe wurin wankin manyan motoci a saman rafi, kumfar sabulun tana gangarowa fadama, albasarsa ta ƙone. Yana so a rufe wurin. Alhaji kuma ya ce wanda ya sayar masa da sabulun ya tabbatar masa ƙasa na cinye shi. Alƙali ya aiko da ruwan rafin da sabulun, yana tambaya: gaskiya ne yana ruɓewa?

Ga wanda ba ɗan sana'a ba, ga yadda ake yi. A cikin ruwa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani. Su ke cin datti, kuma idan suna ci suna shaƙar iskar oksijin da ke narke a ruwan. Sai a cika kwalabe da ruwa mai ɗauke da halittun, a toshe ba tare da an bar iska ba. Wasu a zuba musu ɗigon sabulun, wasu a bar su haka nan, wasu a sa musu sinadarin da an riga an san yana ruɓewa, don a tabbatar halittun na raye. A ajiye a duhu kusan wata guda, ana ɗauko wasu lokaci-lokaci ana auna iskar da ta rage. Idan ta ragu sosai, an ci abin ke nan.

Matsalarmu ita ce ajiya. Gwajin na son sanyi wanda ba ya hawa ba ya sauka, na'urar da ke yin wannan kuwa ta mutu tun zamanin tsuke bakin aljihu, ba a sake waiwayarta ba. Hajiya ta sa aka sayo manyan randuna, muka binne gindinsu a jiƙaƙƙen yashi a cikin sito, muka jera kwalaben a ciki da ma'aunin zafi. Ta ce, "Malam Habu, duk abin da ma'aunin ya nuna ka faɗa a rahoto, har da cewa a randa muka yi."

Ana tsaka da aiki Alhaji ya zo ofis. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Malam, magidanta ne ke ci a wurin nan. A duba mana da idon rahama." Na ce masa kwalabe ba su nuna ba tukuna. Malam Sani ma ya zo, da busasshiyar albasa a cikin hula, ya ajiye mini a tebur ya ce, "Ga shaida, me kuma ake jira?"

Da lokaci ya cika, sakamako ya fito fili. Kwalaben sinadarin da muka sani sun shanye iskarsu, wato halittun lafiyarsu ƙalau. Na sabulun kuwa kusan yadda muka toshe su haka muka buɗe su.

Ni aka tura kotu. Na yi bayani, alƙali ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To, sabulun ne ya kashe albasar?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ban sani ba. Abin da muka auna shi ne ba ya saurin ruɓewa. Albasa na mutuwa da cuta, tana mutuwa da gishirin ƙasa. Ba mu gwada waɗannan ba."

Malam Sani ya miƙe ya ce, "Haba Malam! Kai da ka ga albasar da idonka?"

Na ce, "Na gan ta, Baba. Ganin gawa dabam, sanin ajali dabam."

Alƙali ya hana Alhaji sakin ruwan wanki a rafi, ya umarce shi ya haƙa rami nesa da fadama ya sauya sabulu. Ba a rufe wurin ba, laifin albasa kuma bai hau kan kowa ba. Da muka fito, Alhaji ya shiga motarsa, Malam Sani ya hau kekensa, babu wanda ya yi mini sallama. Na tsaya bakin titi na jira motar Gwarzo.

Ku da kuke shigowa aikin nan yanzu, na'urorinku sun fi namu, amma mutanen da za su zo muku ba su canza ba. Kowa zai zo da amsarsa a aljihu, yana so ku sa mata hannu. Ku faɗi abin da kuka auna, inda awonku ya ƙare ku ce ba ku sani ba. Ba a cika gode wa mai faɗin haka ba, amma shi ake sake aiko wa jarka.