Mai Son Akuya da Fatarta

A tashar jirgin ƙasa ta Funtuwa, daminar 1966, wani mutum yana tsaye gaban Gambo mai tsire, ni ina gefe. Rigarsa sabuwa ce fil, hular kuma ta yi masa yawa. Hausarsa ba gargada, ina jin a garin nan aka haife shi. Amma waige yake ta yi, ya ƙanƙame akwatinsa.

Gambo yana juya nama yana surutu. "Mu nan tsire muka iya. Balangu sai Malumfashi."

Mutumin ya yi murmushi, sai bakinsa ya suɓuce. "A gidanmu da fatarta ake gasa akuya."

Mu feɗe akuya muke yi, mutanen Kudu ke babbake ta, su kuwa makon nan farautarsu ake yi. Wani mai gora ya juyo.

Gambo bai ko ɗago kai ba. "Kai, Malam, ku mutanen Kagoro! Ai sai ku." Kagoro dai ƙasarmu ce, ba Kudu ba.

Mutumin ya karɓi tsinken tsire ya kai baki. Mai gorar bai ɗauke ido ba, jirgi kuma shiru.