Sunan da ya zauna a gurbin sifili

Rani ne, shekarar da ruwan dam ya yi ƙasa, kowa yana kaffa-kaffa da shi. Abin da ya faru a ranin nan ba zai fita raina ba har in koma ga Allah.

Ƙungiyarmu ta masu noman albasa a Taloka injin ban ruwa ɗaya gare ta, ana karɓa-karɓa, kullum da rigima. Ɗiyata ta dawo daga karatun kwamfuta a Sakkwato, sai ta tsara yadda saƙo zai riƙa shiga wayar kowa ranar da layinsa ya zo. Wajen jera sunaye ta sa Baffanta a farko, yayan marigayi maigidana, wanda ya riƙe mu da marayuna. Ta ce babba shi ke gaba. Na ji daɗi, na sa mata albarka.

Sati uku kowa na yabo. Ran nan na kai wa Baffan nata fura, na iske shi zaune bakin fangalinsa, albasa ta kwanta ta yi fari. Bai ɗago ba, ya ce, "Mi na yi muku kunka fidda ni?" Ashe saƙo bai taɓa zuwa masa ba. Shi kuwa mutum ne da ba ya roƙo, ya ɗauka tsufansa aka gani aka ajiye shi.

Da na faɗa wa ɗiyata, ta buɗe kwamfutar, ta daɗe tana kallo, sai hawaye. Na ce ta fahimtar da ni, ni ma na yi yaƙi da jahilci. Ta jera kofuna huɗu a tabarma, ta ce, "Inna, ita na'ura ba na-nawa take tambaya ba, taku nawa ne daga farko. Na farko ba a yi taku ba, shi ne sifili. Na biyu shi ne ɗaya. Ni kuwa na ce ta fara kira daga ɗaya." Na dubi kofin farko. Mu a aji an koya mana sifili babu ne, ga shi nan kuwa da mutum a ciki.

Ta gyara a take, ta je ta durƙusa gabansa. Ya ce, "Tashi, ɗiyata, girmama ni kika yi." Amma albasa ba ta tashi ba, shi ma bai ga wani ranin ba.

Ban ɗora wa yarinya laifi ita kaɗai ba. Sati uku muna murnar na'ura, babu wanda ya taka ya duba shi. Washegarin ranar da ta gyara, da sassafe na ciro dashe daga fangalina na kai nasa, ko da na san lokaci ya wuce. Tun ranar, duk wanda na ji shiru, ba na cewa lafiya ce. Takawa nake in gani.