Matakala Ɗari Uku na Mal-sun

A shekarar 1979 aka kai ruwan famfo wata unguwa da ke kan tudu a birnin Busan na Koriya ta Kudu, sai sana'ar Pyo Mal-sun ta mutu. Shekara ashirin da biyar ta yi tana hawa matakala ɗari uku da tulu a ka, tana shayar da gidaje. Daga ranar da famfo ya zo ta daina fita, ko shinkafa ba ta taɓawa, tana cewa ƙarfen famfo ya nuna rayuwarta ba komai ba ce.

Maƙwabcinta, Malam Ok, mai koyar da kimiyya, ya zo da alli ya durƙusa a ƙofarta.

"Malam, ka zo auna mini kabari ne?"

"Haba, Inna! Tulunki kilo nawa?"

"Ashirin. Sahu takwas kullum. Kai da ko buta ba ka iya ɗagawa!"

Ya hau rubutu a bango, ya ninka nauyin da ƙarfin da ƙasa ke jawo abu, wato goma, sannan da tsayin tudun, mita hamsin. Kowane hawa ya ba da jul dubu goma, ma'aunin aiki. Da ya haɗa sahun shekarun duka, dubu saba'in da uku, sai hannunsa ya tsaya.

"Inna, tan dubu da ɗari huɗu da sittin kika ɗaga da wuyan nan. Ban ma sa nauyin jikinki ba."

Ta daɗe tana kallon lambobin, tana shafa wuyanta. Can ta ce, "Kada kowa ya share." Sannan ta nemi abinci.

Yau ta haura shekara casa'in, kuma lissafin yana bangon gidanta, an maimaita shi da fenti.