Sandar da Hassan ya miƙo mini

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Sama da shekara sittin ban taɓa ba da labarin nan ba, ko matata guntu-guntu ta sani. Shekaranjiya na ga samari suna gudun motsa jiki a hanyar Kurfi, kowa da gwangwanin lemon ƙarin kuzari a hannu, ɗaya har yana haɗawa da ƙwaya. Na dawo gida na kasa cin abinci.

Mu tagwaye ne, ni Usaini da ɗan'uwana Hassan, 'yan Birchi. Bayan samun 'yancin kai da 'yan shekaru muna makarantar kwana a Dutsin-Ma, kuma mu ne 'yan gudun makarantar. Hassan ya fi ni, amma ban taɓa yarda a gabansa ba. Yakan ce ai tun wajen fitowa duniya ya tsere mini.

A zamanin kowa ya yarda mai gudu ba ya shan ruwa, wai ruwa ke tayar da saifa. Kafin gasa sai dai a ci goro a kora da baƙin shayi mai ɗaci.

Da gasar makarantu ta matso, Kawu Sada, ƙanen Innarmu, direban babbar mota, ya kawo mana ƙwayar da direbobi ke sha don hana barci.

"Ku amsa, 'ya'yana. Da ita nike kai Ikko ban runtsa ba. In kun sha, ba ɗan da za shi ga ƙurarku."

Wallahi da ƙauna ya ba mu.

Muka fara sha tun wajen atisaye. Gabana ya riƙa bugawa ko ina zaune, hannuna na rawa in na riƙe alƙalami. Tuwo ya daina shiga, barci ya ƙaura. Hassan ya rame, idanunsa suka yi zuru-zuru. Mu a zatonmu ƙarfi ne ke shigarmu.

Ranar gasa ana tsakiyar bazara, ƙasa na ƙona ƙafa. Muka ƙara ƙwayar a kan goro da shayi, ba wanda ya kurɓi ruwa tun safe. Hassan ya yi dogon gudu ya ci. Bai huta ba aka kira gudun miƙa sanda, shi zai kawo, ni in ƙarasa.

Da ya iso, hannunsa zafi zau, ba ɗigon zufa. Ya damƙa mini sandar ya ce, "Usaini, ƙishirwa."

Ban waiwaya ba, haka aka koya mana. Na tsinke zaren ƙarshe ana ta ihu, daga nan duniya ta yi duhu.

Na farka a asibiti a Katsina, an ɗaura mini ƙarin ruwa. Ƙafafuna sun kumbura, in an taɓa cinyata sai na yi ƙara. Fitsarina ɗan kaɗan, launinsa kamar baƙin shayin nan da muke sha. Kullum da safe a ɗebi jini, a auna fitsarin a kwalba. Likita ya gaya wa Baba ƙodata ce ta taɓu, in fitsari ya ci gaba da fita zan rayu, in ya tsaya sai addu'a. Ina jin su, sun ɗauka barci nake. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Baba ya sayar da sanmu na noma saboda jinyata.

Malam Yohanna, wani Kirista mutumin kudancin Zariya, shi ne ma'aikacin jinyar da ke kula da ɗakinmu. Shi ke juya ni, shi ke wanke ni. Wata rana ya ce, "Wa ya ce maku ruwa na hana gudu?" Na ce kowa. Sai ya girgiza kai ya fita.

Inna kuwa ba ta da aiki sai ɗora mini moɗa a baki. In na ce ina Hassan, sai ta ce, "Shina gida. Kai dai sha ruwanka." Sai ta juya fuska bango. Har fushi na yi da shi, wai ya kasa zuwa duba ni.

Sannu a hankali fitsarin ya washe, kumburi ya saɓe. Damina ta sauka aka sallame ni. Kawu Sada ya ɗauko mu daga Katsina har Birchi.

Na shiga ɗakinmu na tarar da tabarma ɗaya.

Inna ta zauna a bakin ƙofa ta ce, "Usaini, sai haƙuri. Inda ya miƙa maka sandar, nan ya faɗi. Mota ɗaya aka ɗauko ku, kafaɗarshi na taɓa taka. Ba a kai Katsina ba ya cika."

Jikina ya warke cikin shekara, zuciyata har yau da saura. Ban sake gudu ba. Kawu ya bar tuƙi, har ya rasu bai iya haɗa ido da Inna ba, duk da ta yafe masa.

Na gode wa Allah da Ya tashi kafaɗata. Na gode wa iyayena da suka haɗiye kukansu don in warke, da Malam Yohanna duk inda zuriyarsa take.

'Ya'yana masu gudu, ku saurare ni. Kada ku sha ƙwayar da ba likita ya ba ku ba, ko da masoyinku ne ya kawo. Shayi da kofi da lemon kuzari ba sa maye gurbin abinci da barci. In gabanku na faɗuwa, ko zufa ta ɗauke kuna cikin zafi, ko fitsari ya yi duhu, ku tsaya ku nufi asibiti.

Masu horar da yara kuma, don Allah ku ajiye randa a bakin fili. Akwai rijiya a bayan filin da muka yi gudu ranar, daga inda Hassan ya faɗi ana hango ta.

Ku sa shi a addu'a.