Saje Shitu Ya Ƙi Sauya Mai Tuta

Saje Shitu mutumin Bukkuyum ne, ɗan malamin allo. Mahaifinsa ya so ya gaje shi, shi kuwa ya tafi ya shiga soja. Shekara ashirin da biyu ya yi cikin kaki, ya dawo gida da ɗingishi da kunne guda da ba ya ji. Zaman majalisa bai karɓe shi ba. Wata uku da yin ritaya ya je wata sakandaren jeka-ka-dawo da ke bakin gari, ya roƙi shugabanta, Malam Abdussalam, a bar shi ya kafa ƙungiyar kadet, ta ɗalibai masu koyon horo irin na soja.

Da ɗalibai goma sha bakwai ya fara, maza da mata, har suka kai arba'in. Bindigoginsu na katako ne. Talata da Alhamis bayan la'asar suna fareti, sauran ranaku ya koya musu ɗaure rauni, da kashe gobara, da ba motoci hannu ranar kasuwa. Wanda ya makara, ko ɗan wane ne, sai ya zagaye fili sau biyar. Tuta kuwa ba ya ba kowa sai wanda ya fi kiyaye lokaci. A shekarar da abin ya faru Yusufu ke riƙe da ita, Bafulatani ɗan aji biyar, mai takowa daga rugarsu kullum da safe.

Sai 'yan bindiga suka afka wa wani ƙauye ta wajen Zugu. Cikin waɗanda aka binne har da Sadiq, ƙanen Saje uwa ɗaya uba ɗaya.

Bayan sadakar bakwai, ana tsakiyar fareti, Abdulrashid shugaban 'yan sa-kai na unguwar ya shigo fili da mutum huɗu a kan babura.

"Saje, magana biyu munka zo da ita," in ji shi. "Ka ba mu manyan yaran nan mu damƙa musu bindiga ta gaske. Sannan wanga ɗan Fulani ya aje tuta ya bar makaranta."

"Mi ya yi?"

"Danginsa sunka kashe ƙanenka."

Saje ya matso gabansa.

"Ni na sa Sadiq cikin kabari da hannuna, ba sai ka tuna mini ba. Ranar da anka kashe shi, yaron ga yana gabana a kasuwa yana ɗaure ma wata tsohuwa ƙafa. Sauran kuma karatu iyayensu sunka kawo su. Ba ni kai ɗan kowa daji."

"To, za ka ji a gari."

"Ka faɗa ta wancan kunnen, shi ne ba ya aiki."

Ya juya musu baya ya ba da umarni, fareti ya ci gaba. Yusufu bai saki tutar ba.

Ya kuwa ji a gari. Iyaye suka janye 'ya'yansu, saura tara. Abokan sahunsa a masallaci suka daina miƙa masa hannu. Innarsa ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwarsa, wannan ne ya fi ci masa rai, amma kullum sai ya je ya durƙusa a ƙofar ɗakinta. Malam Abdussalam ya lallashe shi ya ba wani tutar kafin hankula su kwanta.

"Ranka ya daɗe, in yaron ya makara ko sau ɗaya, ni zan karɓe ta," in ji Saje. "In ba haka ba, a rubuto mini takardar sallama."

Ba wanda ya rubuta.

Ranar bikin samun 'yancin kai, ɗalibai tara suka yi maci a gaban jama'a, Yusufu a gaba. Dama da shi Rufaida ce, 'yar marigayi Sadiq, wadda ta ƙi barin ƙungiyar duk da faɗan kawunnanta. Tafin da aka yi musu bai taka kara ya karya ba. Saje ya bi su a baya yana jan ƙafa, ya sara wa manyan baƙi kamar yana jagorantar bataliya.

Bayan kaka rugar su Yusufu ta tashi, don zaman ya gagara. Saje ya je ya roƙi uban yaron ya bar masa shi, ya share masa shagon ƙofar gida, a nan Yusufu ya zauna har ya rubuta jarrabawar fita. Yanzu yana koyon aikin jinya a Gusau. Iyaye sun riƙa maido da 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ba Saje haƙuri, shi ma bai nema ba. Bana 'yan ƙungiyar ashirin da uku ne.