Ƙwayar da sai an tashe ta

Jiya a unguwar Xiaobei ta ƙasar Sin na buɗe kwalin mitocin lantarki da zan tura Kano, na karanta takardar ciki da kaina, ba mai fassara mini, sai kuka ya ƙwace mini. Baba tafinta na tuna. Shekararsa guda ke nan a ƙasa.

Tsohon injiniya ne. Shi ke mana tafinta a masana'antar da ke yin ƙwayar ajiyar bayanai ta cikin mitocin, wadda ko an ɗauke wuta ba ta mantuwa. Shi ya tura ni makaranta koyon karatu ina shekara arba'in da biyar.

Wata rana muna jiran samfur, ga sanyin ɗakin, ga warin man zafin da yake shafa wa gwiwa, na yi wurgi da littafina.

"Baba, kaina ya bushe. Na daina."

Ya hura shayinsa, ya nuna injinan da ke bayan gilashi. "Hajiya, ƙwayar can in an gasa ta ta fito, riƙonta ba ƙarfi. Sai an yi ta rubuta mata ana gogewa kafin ta farka. Ba mai zubar da ita."

"Ni na yi maka kama da kayan Sin?"

"Ai kin fi ta taurin kai. Ɗauki littafinki."

Na ɗauka ina ƙunƙuni. Ban taɓa ce masa na gode ba, bakina ya fi sabawa da faɗa. Da aka kwantar da shi asibiti ina wajen lodin kwantena, na ce sai gobe zan je duba shi. Bai kai goben ba.

Ya Allah, Ka isar masa da godiyar da na riƙe, Ka sanyaya masa makwanci.