Matar da Rijiyarta Ta Gudu

A Jiga Birni na tashi, a ɗakin kakata da muke kira Ayya. Idan ɗari ya shigo aka fara cirar albasa, da an yi sallar isha'i sai ta hura wutar kara a bakin ɗaki, ta jawo ƙwaryar lawashin albasar da ta daka tana dunƙula gabu, wanda ake shanyawa don miya. Mu jikoki mu kewaye ta, idanu na ta ruwa, ba ka sanin na hayaƙi ne ko na albasa. Ni kuwa tun ina ƙarama ban iya zama wuri ɗaya ba.

"Ke Balki, in ƙaiƙayi kika ji ki tahi ki sosa ga bango," in ji ta. "To ga ta nan ta taho, wanda yay yi kwana shi yas so."

Wadda ta fi maimaita mana ita ce ta wata mata mai rijiya a bakin hanyar fatake. Ba rowar ruwa take ba, amma ta rantse ba ta shayar da kowa sai ya roƙa da Hausa. Bafulatana ta zo da goyo ta ce "ndiyam", matar ta ce ba ta san wannan ba. Bazabarme ya zo, leɓe ya bushe, ya ce "hari". Ta san sarai ruwa ke nan a bakinsu, amma ta ce a garinsu hari mahara ke kawo shi, ya ƙara gaba. Duk wanda ta kora, ruwan sai ya ja da baya kamu ɗaya. Ta ƙara igiya a guga. Ta ƙulla da zanenta, ta ƙulla da majanyin ɗanta, har ranar da ta leƙa ba ta ga ko ƙyalli ba.

Ƙarshen kan canza. In Ayya na cikin nishaɗi, matar ta bi fataken ta ba su haƙuri, ruwa ya dawo. In bayanta na ciwo, matar na nan har yau tana ƙulle-ƙulle. Na taɓa tambayarta wanne ne gaskiya.

"Mi ya dame ki da ƙarshe? Mai ƙishi ga leɓe aka gane shi, ba ga magana ba. Tashi ki kai gabun ga bisa rumbu."

An kawo ni Jega ba da jimawa da yanke mana jiha daga Sakkwato ba. Maigidana lodin albasa yake a tasha, muna gidan haya, ɗakinmu na jikin na wata Bazabarma, Hamsa. 'Yata ta fari a tabarmar Hamsa ta yi rarrafe. Yarinyar ta daɗe ba ta buɗe baki ba, ni ina ta kallon 'ya'yan mutane suna ta surutu. Da ta buɗe, hari ta fara cewa, tana nuna randa. Sauran duk gauraye.

Labari ya kai Gumbin Kure wurin surukata. Ta aiko cewa tana tafe ranar kasuwa, za ta tafi da yarinyar ta riƙe, kafin harshenta ya karkace gaba ɗaya.

Wanda ya san mu ya san inda na tsaya. 'Yar fari ce. Ko sunanta ba na faɗa, balle in ce ba na so a ɗauke ta. In na buɗe baki an ce ba ni da kunya. Na wanke 'yan kayanta, na ninke, na warware, na sake ninkewa. Na ƙone tuwo. Na yi ta tuna Ayya, ina tambayar kaina wa ke rufe rijiya a nan, surukata ko ni da na fara janye yarinyar daga ƙofar Hamsa.

Inna, surukar tawa, ta iso da hantsi. Na durƙusa na gaishe ta, na kawo fura, na koma gefe. Yarinyar na tsakar gida da Hamsa, tana ta zuba surutu, rabi namu rabi nasu.

"Ashe bakin nan na da kaihi," in ji Inna. "An ce mini kurma ta."

Na ɗauko ƙunshin kayan na ajiye gabanta kamar yadda ake yi, sai dai yatsuna sun ƙi sakin bakin ƙullin. Ta dubi hannun, ta dubi fuskata. Ta daɗe tana dubawa.

"Mai da su ɗaki," ta ce. "Ƙahwata na ciwo bana, ban iya bin ta. Mu ga damina."

Ƙafar da ta tako daga tasha ba ko sanda.

Damina ba nisa gare ta ba, kuma duk hadarin da ya haɗu gabas sai gabana ya faɗi. Da can na ɗauka Ayya horonmu take kada mu zama mai rijiyar. Ban taɓa kawowa ni ce zan tsaya bakin rijiyar wani ba, ba Hausa, ba Zabarmanci, ba bakin roƙo ko kaɗan, a kuma shayar da ni.